Irin da Na Sauke Daga Hayaƙi

Turanci nake koyarwa a wata makarantar sakandare a birnin Kano, yau shekara ashirin da 'yan kai. Yara suna son tambayata asalin kalmomi, wani lokaci don neman sani, sau da yawa kuwa don su cinye lokacin darasi. Na san dabarar, ina dai biye musu. Kwanakin baya wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaye ni inda Turawa suka samo kalmar smoky, wadda suke siffanta abin da hayaƙi ya kama da ita. Na ce mata abin ba shi da nisa. Tsohuwar kalmarsu ce ta hayaƙi, tun ta kakannin kakanninsu, aka ƙara mata ɗan harafi a ƙarshe, ta zama kamar mu ce mai hayaƙi. Na ƙara da cewa mutanen da suka fara furta ta a tsakiyar ɗaki suke hura wuta, a ƙarƙashin jinkar ciyawa, hayaƙin ya cika musu ido ya kama musu tufafi. Ajin ya kwashe da dariya, wai ashe Turawa ma sun yi ƙauyanci. Ni ban yi dariyar ba, na juya na shiga goge allo.

Ba a ƙamus na fara gamuwa da kalmar nan ba. A satina na farko a makarantar kwana, wani malami da ke duba tsafta ya tsaya a kaina a layi, ya shinshini rigata, ya yatsine fuska, ya faɗe ta da ƙarfi yadda kowa zai ji. Ban san ma'anarta ba a lokacin, amma kafin yamma 'yan ajinmu sun fassara mini, sun kuma liƙa mini ita ta zama sunana har na gama makarantar. Rigar kuwa wankakkiya ce fes. Laifinta kawai, ruwa ya sauko ranar da zan taho, Inna ta shanya ta a madafi don ta bushe. Tun daga ranar na ƙullaci hayaƙi, kuma ni mutum ne mai riƙo, ban taɓa ɓoye wannan ba.

Ƙauyenmu yana gefen Minjibir, inda gona ke manne da gona, ba ka samun ko taku goma na ƙasar da ba ta da mai ita. Madafin Inna ɗan zagayayyen ɗaki ne na laka a kusurwar tsakar gida, da jinka, da murhu mai duwatsu uku, ba taga sai ƙofa. Kara take hurawa mafi yawan lokuta, don itace ya yi wuya a wajenmu tun da daɗewa. In ka shiga sai ka durƙusa, in ba haka ba hayaƙin ya tokare ka a maƙogwaro. Jinkar ta yi baƙi ƙirin, kunkunniya na reto daga jikinta. A can sama, daidai kan murhu, akwai zangarniyoyin dawa guda goma sha biyu zuwa sha biyar, ɗaure da igiyar rama, su ma sun yi baƙi har ba ka cewa abinci ne. Wannan shi ne irin da za a shuka in damina ta zo.

Hayaƙin nan shi ke tsare irin. Yana busar da ƙwayar, yana hana ƙwari zama a cikinta, tun daga kaka har faɗuwar ruwa. Duk wanda ya tashi a karkararmu ya san haka, ban da ni. Na gan su rataye tun ina rarrafe, na ɗauka don ɓera da awaki ne aka ɗaga su sama, ban taɓa tambaya ba. Ina da shekara goma sha biyu aka kai ni makarantar kwana, daga nan zuwa gida ya zama na hutu, hutun ma da littafi a hannu, ina jin kaina.

Dawar farfara ce, amma ba irin wadda ake samu a kasuwa ba. Kakanmu ne ya zo da ita daga gabas, can wajen Barno, lokacin da ya yi ƙaura ya zauna a nan. Doguwa ce, ta fi mutum biyu tsawo, ba ta kuma da gaggawa, sai kowa ya gama girbi ita tana tsaye tana jiran raɓa. Tuwonta fari tas, da ɗan zaƙi-zaƙi, in ya kwana ɗumamensa ya fi na jiya daɗi. Baba ba ya barin kowa ya zaɓar masa iri. Kafin a sa lauje zai shiga gonar shi kaɗai, ya yi ta zagaye yana lanƙwaso kara yana murza ƙwaya a tafin hannu, wani lokaci har ya ciza. Waɗanda suka yi masa ya yanke, ya ɗaure, ya miƙa wa Inna, ita kuma ta taka turmi ta rataye. Haka suka yi shekara fiye da arba'in.

Da Baba ya rasu, ƙanena ya karɓi gonar. Damina ta fara gajarta, ruwa na ɗaukewa kafin farfara ta cika ido, shi kuwa yana da baki bakwai da zai ciyar. Ya koma sabon iri mai saurin nuna, kamar yadda kowa ya yi, kuma ban ga laifinsa ba. Inna ce ta ce a bar mata gayauna, wato ɗan yankin da ke bayan gida wajen tsohuwar ɗorawa, ta ci gaba da shuka farfarar a ciki. Abin da take samu bai taka kara ya karya ba. Kafin watan azumi ya fita ya ƙare, don ita take tuƙawa ta aika masallaci sadaka, ladan ya kai ga Baba. Abin da ya rage a duniya na farfarar gidanmu, daga nan har damina, shi ne 'yan zangarniyoyin nan da ke kan murhu.

Akwai abu guda da ya kamata in faɗa game da ni da Inna. Ni ne ɗanta na fari, ita kuwa mutumiyar da ce, mai kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yi mini faɗa ba ta kuma yabona. In tana da magana da ni, sai ta faɗa wa bango ko ta faɗa wa wanda ke kusa. "A tambayi mutumin birni ko zai ci abinci," haka za ta ce ina zaune a gabanta. Ƙanena kuwa takan zage shi tas, ta ja masa kunne har bayan ya yi gemu, su yi ta cacar baki suna dariya. Ina yaro abin yana ci mini rai. Da na girma sai na mai da shi dama, don na gane duk abin da na yanke a gidan nan ba za ta buɗe baki ta musa mini ba.

Shekara shida da rasuwar Baba, tari ya kama Inna, idanunta kuma suka yi yana har ta fara laluben ƙofa. Bayan kaka na ɗauko ta zuwa birni. Likita ya duba ya ce za a yi mata aiki a idanun, ɗaya bayan ɗaya, ya kuma tambaya da me take girki. Da na faɗa masa, ya ce a raba ta da hayaƙi in ana son ƙirjinta ya huta. Gaskiya ya faɗa, har gobe ban ce ya yi kuskure ba. Amma in zan faɗi tsakanina da Allah, na ji daɗin maganar fiye da yadda ya kamata ɗa ya ji daɗin maganar likita a kan uwarsa. Na samu hujjar da na daɗe ina nema.

Tana kwance a gidana da bandeji a ido, matata na jinyarta, na nufi ƙauye na ɗauki magina a can. Ƙanena ya tafi ci-rani Kudu kamar yadda ya saba duk rani, matarsa kaɗai ce a gidan da yara. Na ce mata kicin za a gina na bulo, da rufin kwano, da taga biyu, da murhun gas, a jikinsa kuma a fitar da ɗan sito. Murna ta kama ta, don ita ma idanunta kullum ja suke. Da aka zo rushe madafin ne ta ɗan tsaya tana murza bakin zane.

"Yaya, irin Inna fa yana ciki," ta ce.

"Na gani," na ce mata. "Ni zan sauke shi da kaina."

Na taka turmin nan na kwance igiyar. Kunkunniya ta zubo mini a ka da farar riga, raina ya ƙara ɓaci. Na fito da zangarniyoyin tsakar gida na yi ta kaɗe su, na sa tsumma na goge baƙin iya yadda zai gogu, ina ta mita a zuciyata, wai dubi abin da mutane za su shuka su ci. Na samo sabon buhu na jera su a ciki a hankali, don wallahi ban raina su ba, gani nake na mutunta su. Da aka gama ginin na ajiye buhun a sito, kusa da buhun masara da na sayo wa gidan a kasuwa. Na sa sabon kwaɗo na kulle saboda ragowar siminti da fenti da ke ciki, na jefa makullin a aljihu na koma birni.

Bayan sati shida na mai da Inna gida, idanunta sun buɗe, tana ganin har zaren allura. Ta tsaya a tsakar gida ta dubi inda madafinta yake a da, wurin ya zama fili an share. Ta dubi sabon kicin, fentinsa shuɗi yana ƙyalli. Na tsaya a gefe ina jiran in ji me za ta ce, kamar yaron da ya kawo sakamakon jarrabawa.

"An gode," ta faɗa wa matar ƙanena. "Allah ya yi albarka. A tambaya mini, ina aka sa irin?"

"Yana sito, Inna," na amsa da kaina. "A sabon buhu, wuri mai tsafta. Babu abin da zai taɓa shi."

Na ga leɓenta ya motsa, sai kuma ta ce, "To," ta shige ɗaki. Da ƙanena ne ya yi wannan aiki, da kafin ya rufe baki ta sa shi ya ɗauko buhun ya rataye shi ko a ɗakin da ake dafa wa dabbobi dusa a maƙwabta. Ni kuwa ba za ta iya ce mini na yi ba daidai ba, a ranar da na gina mata ɗaki, a gaban surukarta. Da la'asar na kama hanya, makullin yana aljihun wata rigar a birni, ban ko tuna da shi ba.

Bayan kamar sati biyu matar ƙanena ta kira ni a waya. Muka gaisa, ta ce, "Yaya, Inna ta ce in za ka zo ka taho da makullin sito." Na ce to, in sha Allah ƙarshen mako. Ƙarshen makon ya zo da ɗaurin auren wani abokin aiki, na gaba da shi jarrabawa ta kama, daga nan sai tulin takardun da za a duba. Ta sake kira sau ɗaya, ta faɗi maganar a ƙarshen gaisuwa, a gajarce, kamar abin da ba shi da muhimmanci. Na ɗauka fenti suke so su shafa wa wani wuri. Daga baya na tambaye ta me ya hana su ɓalle kwaɗon, abin da dutse ɗaya zai gama da shi. Ta ce ta kawo shawarar, Inna ta ce ba a gidanta za a fasa ƙofar da mutumin birni ya sa da hannunsa ba.

Gas ɗin ma bai yi wata biyu ba ya ƙare, kuma sai an je Minjibir ake samun ɗuri. Suka jera duwatsu uku a filin da madafin yake a da, suka ci gaba da hura kara a sarari, hayaƙin na tashi sama ba jinkar da za ta riƙe shi. Sabon kicin ya zama wurin ajiye tukwane.

Sai da hadari ya fara haɗuwa a gabas na je, wata huɗu bayan na kulle ƙofar. Ƙanena ya dawo daga ci-rani kwana biyu kafin nan, yana ta kai taki gona da jaki. Na buɗe siton ina ba shi labarin yadda aka yi ginin. Wani wari ya buge mu, irin na tsohon rumbu. Buhun masarar nan ashe da ƙwarinsa na sayo shi, sun cinye shi sun tsallaka maƙwabci. Ƙanena ya kwance bakin sabon buhun ya zura hannu, ya fito da zangarniya. Yana ɗaga ta gari ya zubo, ƙananan ƙwari baƙaƙe suka watsu a kan siminti. Ya fito da ta biyu, ya fito da ta uku, duk haka.

"Yaya," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "wa ya ce ka sauke su daga hayaƙi?"

"Ai saboda ɓera ake ratayewa," na ce. "Nan kuwa ba ɓera."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. "Ɓera? Hayaƙin ne maganin ƙwarin, Yaya. Kai da ka yi karatu."

Na buɗe baki zan yi masa tsawa, don ban saba ƙanena ya yi mini magana haka ba, sai na ga Inna tsaye a bakin ƙofa. Ban san tun yaushe take wurin ba. Idanun da na kai aka gyara mata, da su ta ga abin da ke kan simintin sarai. Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce wa ƙanena, "Kai, rufe mini baki, ɗauko mini faifai da tabarma."

Kwana uku ta yi a gindin bango tana tsince. Takan murje zangarniya a faifai, ta bushe garin, ta bi ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, mai huji ta ture gefe, wadda ta ga kamar lafiyayya ta jefa a ƙoƙo. Likita ya hana ta daɗewa a sunkuye, na faɗa, ta yi kamar da iska nake. Na kira makaranta na ce ina da uzuri, na zauna a ɗaya gefen tabarmar ina taya ta. Ba ta hana ni ba, amma na lura duk ƙwayar da na jefa a ƙoƙon sai ta faki idona ta sake ɗauka ta duba. A ƙarshe abin da muka tara bai cika ludayi ba.

Ƙanena kuma ya hau babur ya shiga neman iri. Baba ya kasance mai kyauta da farfararsa, ba a rasa gida goma da ya taɓa ba su ba. Ya bi su duka. Wasu suka ce sun daina tun shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, wasu suka kawo masa abin da ya gauraya da kaura har ba a gane asalinsa. Ya tafi har wani ƙauye a wajen Shanono inda ƙanwar Baba ta yi aure, ya tarar 'ya'yanta sun koma waken suya da masara. Ya dawo da yamma jikinsa duk ya mutu, ya jingine babur ba komai a hannunsa, muka gane.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Talata. Washegari da sassafe na karɓi sungumi daga hannun ƙanena na ce ni zan yi saran. Rabona da riƙe shi tun ina makaranta, ramukan suka fito a karkace, wani zurfi wani sama-sama. Inna tana biye da ni da ƙoƙo, tana jefa ƙwaya bibbiyu maimakon 'yan biyar ko shida da aka saba, tana rufewa da diddige, bakinta na motsi. Layi huɗu da rabi muka samu a gayaunar da ke cin layi talatin. Da muka gama ta tsaya ta dubi wurin, ta ce wa ɗorawar, ko wa iska, "Allah ya sa a dace." Na ce amin da ƙarfi, har na ji kunyar kaina.

Dawa takan tsiro a kwana huɗu ko biyar in ƙasa na da laima. A rana ta huɗu gonar ƙanena ta fara kore. Inna takan fita bayan sallar asuba ta tsuguna a kan layukan, ta dawo ta shige ɗaki. Rana ta biyar haka, ta shida haka. Na yi ta ce wa kaina tsohon iri ne, ba ya gaggawa. A rana ta takwas na bi ta a baya. Na ga ta sa yatsa ta tone rami ɗaya, ta ciro ƙwayar ta matse, ta fashe ta zama ruɓaɓɓen ruwa. Ta tone na gaba, ta tone na gaba da shi. Ashe ƙwarin sun shiga ta inda ido ba ya gani sun cinye cikin, bawon kawai muka shuka. Ta goge yatsanta a zane ta miƙe da ƙyar, ta wuce ni ta shiga gida. Na tsaya a wurin ina jin kamar a ce ƙasa ta tsage in shige, ban taɓa jin baƙin ciki irin na safiyar nan ba, ko ranar da aka binne Baba.

Da hantsi Baffa ya shigo, ƙanen Baba, wanda shi ne babba a dangi yanzu. Labari ya kai masa. Ya zauna a kan turmi, ya gaisa da Inna, ya ce ya ji abin da ya samu irin yayansa, yaya aka yi haka ta faru? Ina zaune a kan tabarma, tazarar da ke tsakaninmu ba ta fi taku uku ba.

"Sakacina ne," Inna ta ce. "Tsufa. Na dawo daga asibiti na bar shi a buhu, na ce gobe na ce jibi, har na manta."

Baffa ya girgiza kai ya ce, "Ikon Allah. Ke da ba kya wasa da shi."

"To, ga shi na yi," ta ce.

Ƙanena ya ɗago ya dube ni. Matarsa ta tsaya da wanke-wanke. Magana ɗaya ce ta rage in faɗa, gajeriya, na kuma san ta. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin tabarma har Baffa ya yi addu'a ya tashi. Ni da nake tsayawa gaban yara sittin in yi ta zuba daga safe har azahar, na kasa. Tsoro ne, ba wani abu ba, tsoron a ce malamin makaranta bai san abin da jahilin ƙauye ya sani ba.

Inna ta ƙara shekara uku a duniya. Ƙanena ya shuka mata sabon iri a gayaunar, ta ci gaba da aika tuwo masallaci da azumi, sai dai ta daina leƙa bayan gida. Tarin ya yi sauƙi, wannan kam gaskiya ne, na kuma riƙe shi ina lallashin kaina da shi. Nakan zo duk wata, ba na ƙara tsallakewa. Sau da yawa na shirya maganar a mota, in na iso na zauna a ƙofar ɗakinta sai ta ce a tambayi mutumin birni ya hanya, in ce lafiya, shi ke nan. Ba ta taɓa tayar da zancen ba, ko da habaici. Ta rasu da rani, bayan zazzaɓin kwana biyar, ina wajen.

Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, na samu Baffa shi kaɗai a zaure yana jan carbi. Ya tsufa ƙwarai, sai an ɗaga murya yake ji. Na durƙusa a gabansa na ce ina da maganar da ta daɗe tana cina. Na faɗa masa duka, tun daga turmin da na taka har makullin da na bari a aljihu. Na ce Inna ba ta manta da komai ba, ni na kashe irin Baba, na kuma zauna ina ji ta ɗauki laifin na yi shiru. Na ce ina so dangi su sani, kada a ci gaba da cewa ta yi sakaci.

Baffa ya bar jan carbin. Ya daɗe yana kallona.

"Malam," ya ce, "wa ka ji ya taɓa cewa ta yi sakaci?"

Na ɗago na dube shi, ya ci gaba.

"Ai tun kafin in shigo gidan ran nan na sani. Maginan da ka kawo ba 'yan garin nan ba ne? Kowa ya sani. Da ka koma birni, uwarka ta yafa mayafi ta bi gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya, har nawa, har na mai unguwa. Matar da ba ta fita ko biki. Ta ce ita ta san me ta faɗa, kuma haka take so a bar shi. Ta ce yaron nan da kyakkyawar niyya ya yi, in aka yi masa gori zai ji nauyin zuwa gida, ita kuwa ta rasa iri, ba za ta kuma rasa ɗa ba. Ta roƙe mu don Allah kada wanda ya taɓa yi maka zancen. Shi ya sa ba ka taɓa ji ba."

Aka kira la'asar a masallacin ƙofar gida. Baffa ya lalubi sandarsa, ya ce in miƙo masa buta. Na miƙa masa, na riƙe shi ya tashi, ya fita a hankali. Ban iya bin sa ba. Na koma na zauna a inda ya tashi, na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta, har aka idar da sallah ina nan.